Fentin mota mara ƙyalli: me ya sa folish ke ɓata shi, kuma yaya ake gyara shi?

Tambayar ta fito ne daga wani Alhaji a Kano. Ya sayi Marsandi 'yar Kwatano, ruwan toka mara ƙyalli, irin wanda ake kira mat. Adaidaita sahu ta goge shi a ƙofar baya, ya kai gareji, yaron mai fenti ya shafa folish ya murza da inji. Karcen ya ragu, amma wurin ya koma yana sheƙi, faɗinsa ya kai tafin hannu biyu. Yana son sanin ko za a iya mayar da wurin yadda yake ba tare da an fesa ƙofar duka ba. Sannan yana da wata Corolla da yake sha'awar mayar da ita baƙar mat, yana neman shawara.

Alhaji, sannu da wannan tsautsayi, Allah ya kiyaye gaba. Idan injin folish ya riga ya ci fuskar kiliyar, wato fentin nan garai-garai da ake rufe kala da shi a sama, babu mai ko sinadarin da zai dawo da dusashewar. Sai feshi, kuma feshin ƙofar gaba ɗaya, daga baki zuwa baki. Amma kafin ka kashe ko sisi ka duba abu biyu, don mai yiwuwa lamarin bai kai nan ba.

Na farko, ka tabbatar fenti ne ba leda ba. Motoci da yawa masu wannan kala da ke yawo a Kano da Abuja leda aka liƙa musu a kan fentinsu na asali. Buɗe ƙofar ka bi gefenta da farce. Idan leda ce za ka ji bakinta inda aka naɗe ta, kuma sau da yawa za ka ga wata kala daban mai ƙyalli a cikin ƙofar. In haka ne, ka huta: a ɓare ta ƙofar a liƙa sabuwa. Idan kuwa kamfanin ne ya fesa tun daga masana'anta, akwai lambar fenti mai lamba uku a takardar da ke jikin ginshiƙin ƙofar direba, kuma sunan kalar zai ƙare da magno, sunan da Mercedes ke ba wa fentinta mara ƙyalli ke nan. BMW kuma tana kiran nata Frozen. Ka rubuta lambar ka ajiye, mai fenti zai buƙace ta.

Na biyu, folish yana ɗauke da mai, wani ma har da wakis. Wani lokaci wannan man ne kawai ya cike ramukan fuskar fentin, shi ya sa wurin ke sheƙi, alhali fentin bai ciwu ba. Ka samu sinadarin aisofurofil, wani nau'in sifirit, ka sirka shi da ruwa rabi da rabi, ka jiƙa tsumma mai laushi irin maikurofaiba, ka fara gwadawa a wani ɓoyayyen wuri. In bai yi komai ba, ka dinga dangwalawa a kan tabon a hankali, a inuwa, jikin motar da sanyi. Ban da dirza. Idan ya bushe sheƙin ya tafi, ka gode Allah. Idan ka yi sau biyu ko uku yana nan daram, to an aske fuskar. Tunda ka ce da inji aka murza, ni dai ban sa rai sosai ba.

Fentin mota hawa-hawa ne: firaima a ƙasa, kala a tsakiya, kiliya a sama. Abin da ya raba motarka da mai ƙyalli yana cikin kiliyar. An zuba mata wani gari mai laushi ƙwarai, yawanci silika. Idan aka fesa, tina, ruwan da ake tsinka kiliyar da shi, ta fara ficewa, kiliyar sai ta janye ta yi ƙasa, ƙwayoyin garin su bar ƙananan tudu da kwari a fuskarta waɗanda ido ba ya iya gani. Haske idan ya sauka a fuska mai santsi, hanya ɗaya yake bi ya dawo, shi ya sa mutum ke ganin fuskarsa a jikin bonet. Idan ya sauka a kan waɗannan tudun sai ya watse ko'ina, ido ya ga kala zalla. Aikin folish kuwa shi ne ya aske tudu ya daidaita shi da kwari. Wanda ya taɓa tsayawa wurin masu bugu a Ƙofar Mata ya ga yadda shadda ke ɗaukar sheƙi, bugun ne ke kwantar da fuskar zaren har ta fara mayar da haske. Sai dai shadda in ta sha wanki sheƙin yakan ragu, kiliya kuwa abin da aka aske ya asku.

Kada ka ga laifin yaron da yawa. Abin da ya yi shi ne daidai a kan kowace mota mai ƙyalli, kuma shi aka koya masa. Inda zan ja kunnenka shi ne idan wani ya ce a kawo samfefa mai laushi ko soson goge fenti a dusar da wurin. Zai dusashe, ba shakka, amma da layi-layin karce masu bin hanya ɗaya. A inuwa za ka ce an dace, da an fito rana wurin zai yi fari-fari daban da sauran, kuma datti zai riƙa maƙalewa a ciki.

Dalilin da ya sa ba a fesa tabon shi kaɗai kuwa, a mota mai ƙyalli mai fenti yana iya sirantar da kiliya a tsakiyar ƙofa, ya narkar da bakinta da tina, in ta bushe ya bi da folish, mahaɗar ta ɓace. A mat babu wannan mataki na ƙarshe. Bakin da aka sirantar yana bushewa da wani irin dusashewa daban, tinar narkarwa kuma tana barin zobe mai sheƙi. Don haka dole kiliya ta rufe ƙofar har inda ƙarfenta ya ƙare. Ita kalar ana iya saje ta a cikin ƙofar idan karcen yana tsakiya. Idan yana kusa da baki, musamman a ruwan toka mai ƙyalƙyalin ƙarfe a ciki, sai an ɗan shiga da kalar cikin maƙwabcin, kuma duk inda kala ta taɓa sai kiliya ta rufe shi duka. Ƙofar baya tana maƙwabtaka da fendar baya, ita kuma fendar a haɗe take da ginshiƙin da ya hau har rufi. Saboda haka kada ka yi mamaki idan mai fenti na ƙwarai ya ce gefen motar gaba ɗaya zai fesa. Ba lallai ba ne kuɗinka yake hari, sau da yawa hakan ne kaɗai zai sa ƙofa ɗaya ba ta fita zakka ba.

Inda aikin yake da wuya shi ne sajewa. A fenti na yau da kullum kala kawai ake nema. A nan abu biyu ne, kala da kuma matakin dusashewa, don mat ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ya mutu murus, akwai mai ɗan laushin haske a jikinsa, kuma yawancin na masana'anta suna tsakani. Akwai 'yar na'ura da ake ɗorawa a jikin mota tana auna ƙyalli a kusurwar digiri 20, 60 ko 85. Kiliya mai ƙyalli takan ba da kusan 90 a kusurwar 60. Abin da ya gaza 10 shi ne dusasshe sosai, kuma irinsa a kusurwar 85 ake auna shi don bambancin ya fi fitowa. Ba kowane gareji ke da wannan na'ura ba, kuma ko da ita sai an haɗa da ido.

Manyan kamfanonin fenti sun warware matsalar ta hanyar yin kiliya biyu da ake haɗawa. PPG tana da D8115, dusasshiya, da D8117, mai rabin ƙyalli, ana sirka su a ma'auni daban-daban har a samu matakin da ake so. Sikkens tana da irin wannan tsari mai suna Mix & Matt. A kan sikeli ake wannan haɗi, ba da ido ko murfin gwangwani ba, don ɗan kuskure kaɗan yana sauya sakamakon. Kuma kafin a auna sai an juya. Ka buɗe gwangwanin kiliyar mat da ya daɗe a ajiye, samansa za ka ga ruwa garai-garai. Ka zura sanda har ƙasa ka ɗago, za ta fito da wani farin abu mai kauri a bakinta. Wannan shi ne garin da ke kashe ƙyallin, ya kwanta a ƙasa. Wanda ya tsiyayi na sama ya fesa zai samu ƙofa mai sheƙi, wanda ya zo ƙarshen gwangwanin kuma ya samu wadda ta yi fari. Sai an juya har sandar ta daina ɗauko komai daga ƙasa, a zuba hadina, sinadarin da ke sa kiliya ta yi ƙarfi, da tina yadda takardar kamfanin ta ce, a sake juyawa, a tace.

Sannan a yi gwaji a kan 'yan faranti kafin a taɓa motar. Aƙalla uku, kowanne da nasa haɗin, a rubuta ma'aunin a bayansa. Da bindigar da za a yi aikin, da hannun wanda zai yi aikin, a tsaye kamar yadda ƙofa take, don kiliya ta fi taruwa a kan abin da ke kwance irin bonet. A bar su su bushe sarai, domin ɗanyen mat ba ya faɗin gaskiya. A wanke motar a cire mata maiƙo, a fito da ita hasken rana, a ɗora farantin a jikinta a duba ta gaba, ta gefe, a kuma sunkuya a hango shi a kwance da ido. Da motar yadda take a yau ake sajewa, ba da abin da ke rubuce a littafi ba. Motar da ta yi shekaru tana shan wanki takan ɗan ƙara sheƙi, musamman kusa da marikin ƙofa da inda ake jingina. Haka nan kiliyar mat tana sauya yadda kala ke fitowa, baƙi ma yakan koma kamar da toka-toka a cikinsa, shi ya sa ba a yanke hukunci kan kala sai da kiliyarta a kai.

Shi kansa feshin, abin da ya kamata kowane mai fenti ya riƙe shi ne kauri yana ƙara ƙyalli. Inda hannu ya yi jinkiri ko bindiga ta matso, kiliya ta taru, wurin zai fi sheƙi. Inda hannu ya yi sauri ko ya ja baya, ta sauka a bushe, wurin ya yi gautsi ya yi fari. Idan layukan feshin ba su hau juna daidai ba, ƙofar za ta fito da zane-zane, wani layi mai haske wani dusasshe. Yawanci hawa biyu ake yi da bindigar feshi mai bakin milimita 1.3, ƙarfin iska kusan bar 2 a ma'auninta, kaurin duka ya tsaya wajen maikuron 50, wato kashi ɗaya cikin ashirin na milimita. Da yawa daga cikinmu masu fenti mukan yi hawa na farko a kwance, na biyu a tsaye, don su rufe wa juna asiri. Idan ƙofofi biyu za a fesa, a bi su a jere da tafiya ɗaya, kada a tsaya a mahaɗarsu a ninka feshi a bakin kowace.

Tsakanin hawa na farko da na biyu sai an jira, kuma nan ne mutane ke faɗuwa. Da an gama fesawa ƙofar tana ƙyalli kamar kowace kiliya. Bayan 'yan mintuna sai gefuna su fara dusashewa, sannan dusashewar ta riƙa shigowa tsakiya, a bar wasu 'yan wurare masu sheƙi inda kiliyar ta fi kauri. Sai na ƙarshensu ya mutu, ƙofar ta zama iri ɗaya, sannan a yi hawa na biyu. Yakan ɗauki minti 10 zuwa 15, wani lokaci fiye. Ba a hura mata iska da bindiga don a gaggauta. Bayan hawa na biyu ma haka za a jira kafin a kunna zafi. Idan aka yi garajen gashi tina ba ta gama fita ba, fuskar za ta daskare kafin tudun su fito, a samu ƙyalli a wani wuri, dusashewa a wani. Gashin kansa yawanci digiri 60 ne na kimanin rabin awa.

Lokutan da ke cikin takardun kamfani an auna su ne a yanayin digiri 20. A watan Afrilu zafin Kano yakan kai 40. A irin wannan zafi hadina da tina masu saurin bushewa ba za su ba kiliyar damar kwanciya ba, haɗin ma yakan fara kauri a cikin kofi. A nemi masu jinkirin bushewa, a yi feshin da sassafe, a haɗa iya abin da za a fesa nan take. Da damina kuma a zubar da ruwan tankin kwamfuresa kullum, a sa matarin ruwa a layin iska.

Ƙura ita ce babbar abokiyar gaba. A kiliya mai ƙyalli, in ƙura ta faɗa, gobe a goge ta da samfefa a bi da folish, shi ke nan. A mat duk abin da ya faɗa ya zauna, sai dai a kankare a sake. Saboda haka feshin mat a ƙarƙashin rumfa ko a filin gareji lokacin hunturu ɓarnar kaya ce, komai ƙwarewar mai bindiga. Sai ɗakin feshi rufaffe mai matatar iska, an wanke ƙasa, mai feshi ya sa riga mara gashi. Akwai dabarar da nake ba da shawara a kanta ko da ɗakin yana da kyau: bayan kala, a fara rufewa da kiliya mai ƙyalli, a bar ta ta bushe, a goge ta da samfefa mai lamba 800 zuwa 1000 har duk ƙurar da ta faɗa ta fita fuskar ta kwanta, sannan a fesa mat a kai. Ya fi cin kaya da lokaci, amma ya rage abin da zai iya lalacewa zuwa hawa biyun ƙarshe kawai. In za a bi wannan hanya, farantan gwaji ma ita za su bi. Sauran jikin motar kuma a lulluɓe shi tsaf, don burbushin feshi in ya sauka a kan tsohon mat babu yadda za a goge shi.

Ga 'yan'uwana masu fenti da za su karanta wannan: hadina tana ɗauke da sinadarin aisosayanet, mai jawo asma da ba ta warkewa. Takunkumin yadi ko na takarda ba ya tare shi, madarar da ake sha bayan feshi ma ba ta wanke huhu. Abin da ya dace shi ne takunkumi mai jawo iska mai tsafta daga waje.

To Alhaji, idan ka je neman mai aiki, ka tambaye shi wace kiliya zai sa, ka ce ya nuna maka gwangwanin. Ka tambaye shi ko zai yi farantin gwaji ka gani kafin ya taɓa motar, ka kuma leƙa inda zai fesa. Idan ya ce zai zuba hoda a cikin kiliya, ko ya bar kala haka nan ba kiliya tunda ita ma ba ta ƙyalli, ko ya ɗauko gwangwanin feshi na kanti, karɓi makullinka. Kala tsirara ba ta jure rana da fetur, na kantin ma fetur na narkar da shi. Akwai sinadarin kashe ƙyalli na gaskiya da ake ƙarawa a kiliya, yana aiki a kan bamba ko ƙananan kaya, amma saje shi da fentin masana'anta a tsakiyar gefen mota sai an sha gwaji. Kuɗin aikin zai fi na fenti mai ƙyalli, wannan ka sa a ranka.

Bayan an gama, abin da zai sake ɓata ta shi ne wurin wanki. Ka faɗa wa yaran da bakinka: ba Omo, ba buroshi, ba folish, ba wakis, kuma man da suke shafa wa taya kada ya taɓa jiki. A fara kwarara ruwa ƙura ta sauka, a wanke da sabulun mota wanda ba shi da wakis, da tsumma mai laushi, a tsane ruwan da dannawa. Al'adar nan ta direba ya ɗauki busasshen tsumma kowace safiya ya karkaɗe ƙurar hunturu, a hankali folish ce, wata rana za ka ga bonet ya fara sheƙi. Kashin tsuntsu, ƙaron bishiya da fetur da ya zuba a bakin tanki a cire su da wuri, a ɗora jiƙaƙƙen tsumma ya jiƙa su tukuna. Ajiye ta ƙarƙashin darbejiya kullum ba dabara ba ce. Akwai leda mai kariya da ake liƙawa a kan mat ba ta sauya kamanninsa, irin XPEL Stealth, in aljihu zai ɗauka a sa wa bonet, bamba da ƙofofi, bayan sabon fentin ya yi 'yan makonni ya gama ƙarfi.

Maganar Corolla kuwa, ni ban ba ka shawarar fesa ta ba. Motar shiga kasuwa ce da kai yara makaranta, kullum tana cikin babura da adaidaita, kuma kowane karce zai zama feshin ƙofa guda. Baƙin mat ya fi kowace kala nuna ƙura, shatin yatsa da zanen bindiga, ga ɗaukar zafi. Idan ranka ya biya, sa mata leda ta kamfani sananne irin 3M ko Avery Dennison. Inda ta yage a sauya wannan ɓangaren kawai, fentin asali yana nan a ƙasa ranar da za ka sayar. Ranarmu tana cin leda da wuri a rufi da bonet, don haka ka riƙa duba su, da ta fara tsatstsagewa a cire ta kafin gam ɗin ya kama fenti. Kuma idan fentin Corollar an taɓa sake shi a gareji, a gwada liƙawa da ɓarewa a ƙaramin wuri tukuna, don leda takan taso da fentin da bai kama da kyau ba. Kalar motar tana rubuce a takardunta, in ka sauya sai ka je a gyara su.